Yadda Sawun Giwa Ya Take Na Raƙumi A Tasawa: Dokar 1956 Da Asalin Ranar 18 Ga Disamba

 

Kowace shekara in 18 ga Disamba ta zagayo ana hutu, 'yan lakkol su yi fareti, manya su yi jawabi, a ce yau ranar Jamhuriya ce. To amma ka tari matashi ka tambaye shi me ya faru a wannan rana, sai ya ce maka ai ranar da muka samu 'yancin kai ce. A'a. 'Yancin kai sai 3 ga Agusta 1960. Abin da ya faru ran 18 ga Disamba 1958 wani abu ne daban: Nijar ta zama Jamhuriya mai majalisa da gwamnati, mai shirin rubuta kundin tsarin mulkinta, alhali tana nan a ƙarƙashin inuwar Faransa. Tushen wannan al'amari kuwa wata doka ce da aka yi a Paris a 1956. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne, in ana neman wurin da aka gwada ƙarfin dokar nan aka ga iyakarta, to Tasawa na cikin wurare biyu da za a fara nunawa. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo labarin tun daga farko.

Yadda ake mulki kafin dokar

Tsofaffinmu sun san zuwan Nasara da wuta. A 1899 ne ayarin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasashen Hausa yana ƙone garuruwa, har ajalin shugabanninsa biyu ya riske su a wajen Maijirgi, nan cikin ƙasar Tasawa. Daga baya mulkin ya zauna. A 1922 Nijar ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka, a 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram aka kai Yamai. Tasawa ita ce barikin kumandan na wannan yanki kafin a maida shi Maradi a 1927.

Tsarin kuwa kamar tsani yake. Mai gari na ƙarƙashin sarkin kanto, sarki na ƙarƙashin kumandan, kumandan na ƙarƙashin gwamna a Yamai. Shi ma gwamna ba shi ne ƙarshe ba, don akwai babban gwamna a Dakar mai riƙe da tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa, ƙasashe 8: Senegal, Muritaniya, Sudan ta Faransa wadda ta zama Mali, Gine, Kodebuwa, Haute-Volta wadda ta zama Burkina Faso, Dahome wadda ta zama Benin, sai Nijar. Babban gwamnan kuma yana karɓar umarni daga minista a Paris. Talakan Isawan ko na Bawdeta shi ne a ƙasan tsanin. Nasa dai lanho da aikin tilas, kuma kumandan na iya ɗaure shi har kwana 15 ba tare da ya ga alƙali ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka fara sassautawa. A watan Afrilun 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ke ɗauke da sunan Ufuwet Buwanyi na Kodebuwa. A watan Mayu dokar Lamine Guèye ta ce mutanen ƙasashen mallaka su ma 'yan ƙasa ne. A shekarar nan aka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen RDA mai alamar giwa, aka kuma kafa wata ƙaramar majalisa ta ƙasa. Sai dai ku dubi yadda aka raba kujerunta: 30 ne duka, 10 na masu riƙe da cikakkiyar takardar zama Bafaranshe, waɗanda ba su taka kara sun karya ba wajen yawa, 20 na sauran jama'ar Nijar baki ɗaya. Akwatin zaɓe ma biyu ne, nasu daban namu daban. Cikin namu ɗin ma ba kowa ke jefa ƙuri'a ba, sai wanda ya shiga wasu rukunai da doka ta zayyana, irin su ma'aikata, tsofaffin sojoji da masu sarauta.

Me ya sa Faransa ta yi dokar

Ba don Allah ba, wai kuturu ya ga mai ƙyasfi. A 1954 Faransa ta sha kashi a Dien Bien Phu, ta rasa Indocina. A watan Nuwamba na shekarar nan yaƙi ya ɓarke a Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa. A watan Maris 1956 Maroko da Tunisiya suka samu 'yancinsu. Ga Ingila kuma tana shirin sakin Gana, ta riga ta ba Nijeriya tsarin tarayya tun 1954. Masu mulki a Paris suka ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta, suka ce gara a ba da wani abu da hannu kafin a ƙwace duka da ƙarfi.

Ministan ƙasashen ƙetare a gwamnatin Guy Mollet, Gaston Defferre, wanda kuma shi ne magajin garin Marseille, shi ya kai dokar gaban majalisar Faransa, Ufuwet Buwanyi na taya shi don a lokacin shi ma minista ne a Paris. Aka sa mata hannu ran 23 ga Yuni 1956. Da Faransanci ana ce mata loi-cadre, wato doka ce mai kafa ginshiƙai kawai, a bar wa gwamnati ta cike sauran da ƙananan dokoki. Manyan cikinsu sun fito ran 4 ga Afrilu 1957.

Abin da ta bayar

Gaskiya ɗaya ce, dokar nan ta kawo abin da ba a taɓa gani ba, kuma bai kamata a raina shi ba.

Na farko, ƙuri'a ta zama ta kowa. Duk mai shekara 21, namiji ko mace, mai karatu ko marar karatu, mai shanu ɗari ko marar akuya, ƙuri'arsa ɗaya ce. Ku tuna fa, ana maganar 1956 ne. Tsohuwar da ke daka a Cake da matar da ke saida fura a kasuwar Mayahi sun samu ƙuri'a tun wancan lokaci, alhali matan Arewacin Nijeriya, 'yan'uwanmu na Katsina da Daura, sai a shekarun 1970 suka samu tasu.

Na biyu, an fasa akwati biyun nan, ya zama ɗaya. Bafaranshen kanti da manomin gero layi guda.

Na uku, majalisar ƙasa ta samu ikon yanke shawara a kan kasafin kuɗin ƙasa da ayyukan cikin gida, irin su noma, kiwo, lafiya, ƙananan makarantu da ma'aikatan ƙasa.

Na huɗu, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalin jama'a, majalisar ce za ta zaɓi gwamnati ta 'yan ƙasa, masu sunan minista. Karon farko ke nan da baƙar fata ɗan Nijar zai zauna a ofis, Bature ya shigo masa da takarda yana jiran sa hannu.

Abin da ta riƙe

To ga inda gizo ke saƙar. Shugaban wannan gwamnati ba ɗan ƙasa ba ne, gwamna ne, wanda Paris ke naɗawa kuma Paris ke cirewa. Jagoran 'yan ƙasa matsayinsa mataimaki. An kuma raba ayyuka gida biyu, na ƙasa da na daular Faransa. Soja, hulɗa da ƙasashen waje, kuɗin sefa, manyan kotuna, manyan makarantu da hanyoyin sadarwa da waje duk suka faɗa ɓangaren daula. Kumandodin da ke bariki, waɗanda su ne talaka ke gani ido da ido, yawancinsu Faransawa ne, kuma sun san wanda ya kawo su. Uwa uba, Paris na da ikon rushe majalisar da jama'a suka zaɓa.

Akwai kuma batun aljihu. Albashin ma'aikatan ƙasa ya dawo wuyan kasafin ƙasa, kasafin Nijar kuwa lanho ne da gujiya. Gujiyar nan ta ina take fitowa? Daga gonakin Maradi, Tasawa, Magarya da Matamai. Manyan kamfanonin Faransa irin su CFAO da SCOA ke saye, kuma tun wajen 1953 aka fara karkatar da ita ta hanyar Dahome zuwa Kwatano, maimakon tsohuwar hanyar Kano da Ikko. Ke nan guminmu ne zai biya sabuwar gwamnati, amma farashi da hanya da kuɗin da ake biya da shi duk a hannun wasu suke.

Sannan dokar ta ba kowace ƙasa ikonta ita kaɗai, ba ta kafa gwamnatin tarayya ta 'yan Afirka a Dakar ba. Senghor na Senegal ya yi ta kukan cewa an daddatsa Afirka ƙanana-ƙanana. Ufuwet kuwa haka yake so, don ba ya son arzikin Kodebuwa ya riƙa tafiya Dakar. Ga ƙasa irin tamu marar teku, wannan rabuwa ba ƙaramin abu ba ce, har gobe muna ɗanɗana ta.

Bahaushe ya ce kayan aro ba ya rufe katara. Majalisar Faransa ce ta ba da ikon nan, kuma a hannunta ya rage ta ƙara ko ta rage.

Zaɓen 1957 da hawan raƙumi

An yi zaɓen farko a ƙarƙashin dokar ran 31 ga Maris 1957, kujeru 60. Manyan 'yan takara biyu ne. Ga PPN-RDA ta Jori Hamani da Bubu Hama, wadda ƙarfinta ya fi yawa a yamma. Ga kuma ɓangaren Jibo Bakari, tsohon malamin lakkol kuma jagoran ƙungiyar ƙwadago, wanda ya bar PPN ya kafa UDN a 1954. A ƙarshen 1956 ya haɗe da BNA, jam'iyyar Isufu Saidu Zarmakoy da Georges Condat ɗan Maradi, wadda sarakuna da yawa ke goyon baya. Haɗakar ta ɗauki sunan MSA, amma ba wanda ke kiranta haka a kasuwa. Sunan da ya bi ta shi ne Sawaba, alamarta raƙumi.

Kalmar nan tamu ce, ba sai an fassara wa kowa ba. Sawaba ita ce sauƙi bayan wuya. Kuma ba a Nijar kaɗai ake kiranta ba, don tun 1950 'yan NEPU ta Malam Aminu Kano ke amfani da ita a Kano da Zariya, har Hajiya Gambo ta zama Gambo Sawaba. Fatake da direbobi masu zirga-zirga tsakanin Tasawa, Katsina da Kano su suka riƙa ɗauko zancen suna kai wa da kawowa. Masanin tarihi Klaas van Walraven, wanda ya fitar da babban littafi a kan Sawaba a 2013, ya nuna cewa ƙashin bayan jam'iyyar ƙananan mutane ne: direbobi da yaran mota, teloli, mahauta, 'yan tireda, ƙananan ma'aikata, da 'yan ƙauye da suka shigo birni neman na kai. Garuruwan da ke kan babbar hanyar Maradi zuwa Damagaram cike suke da irinsu, Tasawa kuwa a tsakiyar hanyar take.

Sawaba ta ci kujeru 41, PPN-RDA ta samu 19. A watan Mayu 1957 Jibo Bakari ya zama mataimakin shugaban gwamnati, Georges Condat ya zama shugaban majalisa. Gwamnatin farko ke nan ta 'yan Nijar.

Sai dai auren nan na talakawa da sarakuna bai yi ƙarko ba. Matasan Sawaba na ganin lokaci ya yi da za a rage wa sarauta ƙarfi a kan haraji da shari'a, gwamnati ta tuɓe wasu sarakuna, sauran suka sha jinin jikinsu. Kumandodi na kallo, suna ajiye lissafi.

Eh ko a'a

A watan Yuni 1958 rikicin Aljeriya ya dawo da Janar Digol kan mulki. Ya kawo sabon kundin tsarin mulki da wata sabuwar ƙungiya, Communauté, wato tarayyar Faransa da ƙasashen Afirka. Ya ce kowace ƙasa ta zaɓa ran 28 ga Satumba 1958. In ta ce eh, ta zauna cikin tarayyar da ikon cikin gida. In ta ce a'a, ta kama gabanta nan take, ba taimako ba komai.

A watan Yuli aka ɗaga matsayin Jibo ya zama cikakken shugaban gwamnati. A ƙarshen watan nan ya halarci taron jam'iyyar PRA a Kwatano, inda aka yi kiran 'yancin kai ba da ɓata lokaci ba. Da ya dawo, Sawaba ta tsaya a kan a'a. A duk faɗin Afirka ta Yamma ta Faransa, shugabannin gwamnati biyu ne kawai suka yi wannan tsayuwa: Seku Ture a Gine da Jibo Bakari a Nijar.

Faransa na iya haƙura da Gine, amma Nijar fa? Iyakarmu ɗaya da Aljeriya inda ake yaƙi. A 1957 aka kafa OCRS, hukumar da Paris ta so ta haɗa yankunan Sahara a ƙarƙashinta, kuma a shekarar nan aka gano uraniyom a Azelik. Ga tsoron kada Nijar mai 'yanci ta jingina da Nijeriya, tunda rabin jama'a harshensu ɗaya da na Kano. Sai aka canza gwamna. Aka ɗauke Louis Rollet, aka kawo Don Jean Colombani, ɗan tsibirin Korsika, aikin da aka ba shi kuwa a bayyane yake.

A nan ne duk abin da dokar 1956 ta riƙe ya yi aiki. Kumandodi na gwamna ne, soja na gwamna ne, motocin gwamnati da kuɗi na gwamna ne. Aka baza sojoji a ƙasa, aka zagaya fadojin sarakuna. Isufu Saidu Zarmakoy da mutanensa suka fice daga Sawaba suka koma eh, sarakuna da yawa suka bi su. Gwamnatin da jama'a suka zaɓa da kujeru 41 ta wayi gari tana yaƙin neman zaɓe kamar 'yar adawa a cikin ƙasarta.

Sakamako ya fito: eh ta samu wajen kashi 78 cikin ɗari, ƙuri'a kusan dubu 372, a'a ta samu wajen dubu 102. Amma ga wani lissafi da ba a cika faɗa ba. Masu rajista sun kai wajen miliyan 1.3, waɗanda suka fito kuwa ba su kai kashi 40 cikin ɗari ba. Fiye da rabin jama'a sun zauna gida. Ko tsoro ne, ko aikin gona ne tunda kaka ta kama, ko nisan rumfar zaɓe, kowa da abin da yake faɗi. Gine ta ce a'a, ta zama mai 'yanci ran 2 ga Oktoba. A Nijar Jibo ya sauka a watan Oktoba, a watan Nuwamba aka rushe majalisar da aka zaɓa don shekara 5 tun ba ta cika biyu ba.

Abin da ya faru da ƙuri'ar Tasawa

An kira sabon zaɓe ran 14 ga Disamba 1958. Masu eh suka haɗu a inuwa ɗaya mai suna UCFA, PPN-RDA ce jagora. Yadda tsarin yake, jerin sunayen da ya fi ƙuri'a a mazaɓa shi ke kwashe kujerunta gaba ɗaya. UCFA ta samu 49, Sawaba ta tsira da 11.

Kujeru 11 ɗin nan daga mazaɓu biyu kawai suka fito: Damagaram da Tasawa.

Ku tsaya ku auna wannan. Wata biyu da rabi bayan zaɓen eh ko a'a, gwamnatin Sawaba ta faɗi, gwamna na gaba da ita, sarakuna sun juya baya, kowa ya ga inda iska ke kaɗawa. Duk da haka manoman gujiya da 'yan kasuwar wannan yanki suka fito suka sake jefa wa raƙumi. A Damagaram ma Jori Hamani da kansa ya tsaya, ya faɗi. Ko mutum na son Sawaba ko ba ya so, dole ya yarda cewa kakanninmu sun ɗauki ƙuri'ar nan da gaske. An ce musu ga 'yancin zaɓe, suka yi amfani da shi yadda ransu ya so.

Kwana 4 bayan haka, ran 18 ga Disamba, sabuwar majalisa ta zauna a Yamai, ta ayyana Jamhuriyar Nijar a cikin tarayyar Faransa, ta mai da kanta majalisar rubuta kundin tsarin mulki. Jori Hamani ya zama shugaban gwamnati, Bubu Hama ya zama shugaban majalisa. Ranar da muke biki ke nan.

Ba a jima ba sai aka ce an tafka kura-kurai a zaɓen mazaɓu biyu, aka soke su. Waɗanne? Damagaram da Tasawa, su kaɗai ɗin da adawa ta ci. A Damagaram aka sa ranar sake zaɓe, 27 ga Yuni 1959, Sawaba ta ƙaurace saboda yanayin da ake ciki, PPN-RDA ta kwashe. A Tasawa ko wannan ba a yi ba, kujerun aka ɗauka aka miƙa wa jerin da ya sha kaye. Majalisa ta koma 60 bisa 60. Ran 12 ga Oktoba 1959 aka haramta Sawaba ɗungurungum, Nijar ta zama ƙasar jam'iyya ɗaya tun kafin ta samu 'yancin kai. Sawun giwa ya take na raƙumi, karin maganar nan kamar don wannan rana aka yi ta.

Kundin farko

Majalisar ta amince da kundin tsarin mulkin farko na Nijar ran 25 ga Fabrairu 1959, aka ƙaddamar da shi ran 12 ga Maris. Mun samu gwamnati, majalisar dokoki, daga baya a watan Nuwamba muka samu tuta. Amma kundin Faransa na 1958 ya riga ya zayyana abin da ke hannun tarayya: harkokin waje, tsaro, kuɗi, manufofin tattalin arziki na bai ɗaya, da albarkatun ƙasa masu muhimmanci ga tsaro. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau, ku tuna da Azelik. Shugaban tarayyar kuwa shi ne shugaban Faransa. Colombani ma bai tafi ba, suna kawai aka canza masa ya zama babban kwamishina, yana nan har 1960.

Adalci shi ne a faɗi hujjar masu eh. Sun ce Nijar ba ta da teku, ba ta da layin dogo, masu ilimin zamani ba su fi a ƙirga ba, in Faransa ta janye rana ɗaya wa zai riƙe asibiti da lakkol? Kuma abin da aka yi wa Gine ya nuna tsoronsu ba na banza ba ne, don Faransawa sun kwashe ma'aikatansu da kayan aiki sun bar ta. Suna iya cewa kuma, ai ga shi ba a cika shekara biyu ba 'yancin ya zo cikin ruwan sanyi. Wannan magana ce abin saurare. Abin da ba ta amsa ba shi ne, in dai an ci zaɓe da 49, me ya kawo ƙwace 11? Rufe ƙofar adawa shi ya kai Jibo gudun hijira, ya kai 'yan Sawaba ga ɗaukar makami a 1964, ya kai ga jefa wa Jori gurneti a filin idin babbar salla a watan Afrilun 1965, ya jawo kame-kame da ɗauri da suka taɓa gidaje da yawa a ƙasar Hausa. Sai wajen lokacin taron ƙasa na 1991 aka dawo da jam'iyyu da yawa. Jori ya rasu a Rabat a 1989, Jibo ya rasu a Yamai a 1998. Allah ya jiƙansu duka.

Ba mu kaɗai ba ne

Irin wannan iko da ake bayarwa daga sama an yi shi a wurare da dama. Arewacin Nijeriya ta samu mulkin kai na cikin gida ran 15 ga Maris 1959, kwana 3 bayan ƙaddamar da kundinmu, Sardauna na firimiya, alhali Ingila na riƙe da tsaro da harkokin waje har 1 ga Oktoba 1960. Can nesa kuma akwai tsibirin Porto Riko. A 1950 majalisar tarayyar Amurka ta yi doka mai lamba 600, ta ba mutanensa izinin rubuta kundinsu, ya fara aiki ran 25 ga Yuli 1952. Suna da gwamnansu da majalisarsu har yau, amma ba sa zaɓen shugaban Amurka, kuma da bashi ya yi musu katutu a 2016, majalisar nan da ta ba su iko ita ta naɗa kwamitin da ke saman gwamnatinsu a kan harkar kuɗi. Mai bayarwa bai taɓa mantawa shi ya bayar ba.

Abin da ya rage mana

Wani zai ce to, wannan ai ya wuce. Tambayar dai ba ta wuce ba, wuri kawai ta canza. Da tsakanin Yamai da Paris take, yanzu har da tsakanin garuruwanmu da Yamai. Gyaran mulki na 1964 ya sa Mayahi da Tasawa kowace ta zama gunduma a ƙarƙashin Maradi, masu riƙe da su naɗaɗɗu ne. Sai a watan Yuli 2004 muka fara zaɓen kansiloli da magajin gari a kwaminoninmu, irin su Kona, Hawandawaki, Maijirgi, Atantane da Sarkin Hausa. An ba su iko a takarda, amma duk wanda ya taɓa leƙa ofishin kwamin ya san kukan da ake yi na kuɗin da ba su biyo ikon ba. A watan Afrilun 2024 kuma hukumomin ƙasa suka rushe majalisun, aka naɗa masu riƙon ƙwarya. Kowa na da ra'ayinsa a kan wannan, mu dai tarihi muke kawowa. Abin da 1956 da 1958 suka koya mana shi ne, duk ranar da aka ce an ba ku iko, ku yi tambaya uku kafin ku yi guɗa: wa ke riƙe da kuɗin, wa ke ba masu bindiga umarni, wa kuma ke da ikon sokewa?

Sai roƙo ɗaya. Wanda ya jefa ƙuri'a a 1958 yana ɗan shekara 21, yau ya doshi 90. Sun rage kaɗan ƙwarai, maza da mata, a Tasawa da ƙauyukan Gulbin Kaba. Abin da ke cikin littattafai yawanci daga takardun kumandodi aka samo shi, abin da ke bakin tsofaffin nan kuwa ba a rubuta shi ko'ina ba. Duk mai kaka ko kakan da ya ga zamanin, ya zauna da shi da la'asar, ya kunna waya ya ɗauki muryarsa. Ku tambaye su ina aka kafa rumfar zaɓe, wa ya zo yaƙin neman ƙuri'a, me sarki ya ce, me aka yi wa waɗanda suka ƙi. In dangin giwa ne ku saurara, in na raƙumi ne ku saurara, duk namu ne. In ba mu yi ba, nan gaba jikokinmu za su riƙa fareti ran 18 ga Disamba ba tare da sun san cewa garinsu na cikin labarin ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Amin.